Kififiyar Rijiyarmu

Igiyar gugarmu ta sake samun ƙari. Wannan karon da tsohon ɗankwalin Mma aka haɗa ta, duk da haka gugar takan dawo da rabi, rabin ma laka. Shekarar tamanin da uku ce. Ruwan sama ya ƙi Tamale, wutar daji ta cinye gonaki, ruwan rijiyar gidanmu a unguwar Sakasaka kuwa kullum ƙara nisa yake yi.

A cikin rijiyar akwai kififiya. Babanmu, Allah ya jiƙansa, shi ya kawo ta daga tafkin ƙauyensu a shekarar da Mma ta tare, kamar yadda mutanensu ke yi wa sabuwar rijiya: ta riƙa cinye tsutsa da ƙwarin da suka faɗa, ruwa ya zauna da tsabta. Kowace safiya Mma takan leƙa ta ce, "Tsohuwa, kin tashi lafiya?"

Yayana Imoru ya dawo daga Legas cikin waɗanda aka koro, tare da matarsa Sala da tsohon ciki. Ta sauka lafiya, amma nono ya ƙi zuwa. Kokon masarar agaji kaɗai take sha, jaririyar kuma ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ungozoma ta ce sai an sami romo, ko na mene ne. Unguwar kuwa an manta rabon da a ji carar zakara.

Ranar da Imoru ya shiga yasar rijiya, ina ta jawo laka ina zubarwa, sai ya ƙwala kira daga ƙasa.

"Fatimata, ja a hankali, wannan mai rai ne!"

Na jawo. Tana kwance a gindin gugar, baƙa, faɗinta kamar faifai, laka ta rufe mata ido. Imoru ya fito yana haki. Ya dube ta, ya dubi ƙofar ɗakin Sala.

"Mma, wannan tsohuwar taki ta yi ƙiba fa. Duk gari an rame, ita kaɗai gwamnati ke ciyarwa."

"Marar kunya. Ta girme ka a gidan nan, gaishe ta."

Dariyar ba ta yi nisa ba jaririyar ta sake farawa, ɗan kukan nan siriri da babu ƙarfi a cikinsa. Mma ta daɗe tana saurare. Sannan ta shiga madafa ta fito da wuƙa, ta miƙa wa Imoru ta ƙota.

"Ungo. Ubanku don 'ya'yansa ya kawo ta. Waccan mai kukan ma tasa ce."

Imoru ya tsuguna. Kififiya ba ta yankuwa sai ta fito da wuya, ita kuwa ta shige da kanta ciki ta yi lamo. Sai jira. Mma ta ɗauko ɗan ruwan da ta ajiye don alwala, ta zauna a ƙasa tana wanke mata laka da yatsa.

"Ki yafe mana, Tsohuwa," ta ce a hankali. "Ba ƙiyayya ba ce."

Ko muryar ce, ko sanyin ruwan, ban sani ba. Kififiyar ta zuro kai, ta miƙa dogon wuyanta har hancinta ya taɓa tafin Mma.

"Yi mana," in ji Mma, ta kau da fuska.

Wuƙar na hannunsa, wuyan na gabansa. Na ga jijiyar hannun nasa ta tashi, na ga ta kwanta.

Sala ce ta yi magana daga bakin ƙofa, da jaririyar a kafaɗa.

"Maigida, an ce bayan Kalpohin, inda wuta ta ci, ana haƙo gafiya. Akwai nisa dai. Zan iya jira zuwa yamma."

Imoru ya ajiye wuƙar a kan turmi. Ya sa kififiyar cikin guga, ya riƙa sakin igiya sannu sannu har muka ji ta taɓa ruwa. Bai tsaya wanke lakar jikinsa ba. Ya shafa kan 'yarsa da bayan hannu, inda babu datti, ya ɗauki fartanya da adda ya fita.