Matacin Jini a Kan Kanta

"Wa ya taɓa ganin cikinsa?" Lauya Tassinari ya tambaya, bai ko ɗago kai daga zanen da ke gabansa ba.

"Ba kowa," in ji Nives Cavicchioli.

"Injiniya, ba kowa iri biyu ne. Akwai ba kowa na gaskiya, akwai kuma ba kowa irin na Mirandola. Wanne kike nufi?"

Maganar ta soke ta, amma ta haɗiye. Mutanen birnin Modena irin lauyan nan sun daɗe suna yi mana wannan gorin, wai a garinmu Mirandola in ka yi atishawa a banɗaki sai an yi maka sannu daga kasuwa. Abin haushin shi ne ba ƙarya suka yi ba.

Shekara shida Nives ta kwashe a garejin mahaifinta tana fama da abu ɗaya, matacin jini na masu wankin ƙoda. A garinmu ba a yi wa kowa bayaninsa, don da shi muke ci da shi muke sha. Bututun roba ne da bai fi tsawon kamu ɗaya ba, cike da dubban zaruruwa sirara kamar gashin kai, kowane zare da rami a cikinsa. Jini ya bi ta cikin ramin, ruwan wanki ya bi ta waje, dattin jinin ya ratsa bangon zaren ya fice. Ciwon kan masu ƙera shi tun fil azal shi ne zaruruwan kan manne wa juna, sai ruwan ya bi gefe ya bar na tsakiya ba su yi aikin komai ba. Nives ta gano yadda za a tufke su uku-uku da wata irin murɗa, ruwa ya ratsa ko'ina. Wani kamfani a Jamus ya ce zai ƙera, da sharaɗi ɗaya: ta fara mallakar takardar da ke cewa ƙirƙirar tata ce. In babu takardar, manyan masana'antun da ke bakin titi za su kwaikwaya kafin hunturu, sunanta ko a bayan kwali ba zai fito ba.

"Bari in maimaita miki, don gobe nake son mu shigar," in ji lauyan. "Doka ba ruwanta da wanda ya fara tunani, ba ruwanta da wanda ya sha wahala. Abin da take tambaya shi ne, ranar da aka shigar da takarda, abin sabo ne? In mutum ɗaya tak, wanda ba a ɗaure bakinsa da alkawari ba, ya samu damar ganin yadda cikinsa yake, ya zama na kowa. Ko da kuwa ke kika nuna masa da hannunki."

"Na sani, Lauya. Uku kawai na yi, ga su nan duka."

Ta buɗe akwatin. Ta warware tsumma na farko, ga mataci. Ta warware na biyu, ga mataci. Da ta warware na uku sai ga guntun bututun famfo, an yanka shi daidai tsawon, har an goge bakinsa tas.

Lauyan ya cire tabarau ya ajiye.

"Wa ke da makullin garejin?"

"Ni," ta ce. "Da Baba."

Duk hanyar komawa gida tana bayan wata tarakta da ta ƙi matsawa. Ta kira wayar tsohon har ta gaji. Sai can ta tuna yau ranar wankinsa ce, ta karya kan mota zuwa asibiti.

Ermes Cavicchioli yana kishingiɗe a kujerarsa ta kusa da taga, allurai biyu a hannu, yana karanta shafin tseren keke. Rayuwarsa duka a masana'anta ya yi ta, yana zuba danƙo a kan zaruruwa yana yanke bakinsu. Yanzu ƙodarsa ta gaza, ga shi kwance kusa da irin abin da ya ƙera, ya yi jajir da jininsa. Yakan ce ya tabbata wani malalaci ne ya haɗa wannan, don shi ba zai bar danƙo haka ba.

"A'a, Injiniya da kanta! Ai da sauran lokaci kafin a cire ni."

"Baba, ina na ukun?"

"Na ukun me?"

"Baba."

Ya juya shafin jarida. "Yana wuri mai kyau. Ba abin da zai same shi."

"Ina ne wuri mai kyau?"

"Ke kam kin gado uwarki wajen tuhuma. Mutum yana kwance ana juya masa jini, ko sannu babu."

Sai matar da ke kujerar gefe, wata tsohuwa da Nives ba ta ko san sunanta ba, ta ɗaga hannunta mai lafiya. "Ke ce 'yar tasa? Barka, 'yar nan, Allah ya yi albarka! Uku-uku kika tufke su, ko? Mijina ya ce ya ga abin, wai har ya so ya yi ƙwalla."

Nives ta juya. Ta dubi mahaifinta. Shi kuwa ya tsura wa hoton wani mai keke ido kamar ɗansa ne na cikinsa.

"A ina mijinki ya gani, Inna?"

"A ina kuwa? A kantar Iole mana."

Wanda ba ɗan garinmu ba sai ya ce wasa ne. A shagon gahawa na Iole, can saman injin gahawar, akwai wata doguwar kanta. Tun zamanin da aka fara ƙera kayan asibiti a garejoji, duk wanda ya fito da sabon abu sai ya kawo na farko a ɗora a nan. Akwai bututu, akwai maƙalai, akwai wasu tarkace da ba wanda ya tuna amfaninsu. Sharaɗin kantar ɗaya ne: a tsaga abin gida biyu da zarto, don a garinmu ba a yabon abu sai an ga cikinsa. Ranar da aka yi girgizar ƙasa, Iole kayan kantar ta fara kwashewa, ta bar kwalabenta suna farfashewa.

Nives ba ta yi ihu ba, saboda asibiti ne. Ta zauna a kan benci har aka cire masa allurai, tana murza makullin mota kamar za ta karya shi. Ta riƙo shi zuwa mota, don bayan wanki ƙafafunsa ba su cika ɗaukarsa ba, sannan ta rufe ƙofa ta sauke masa kwandon masifa.

"Sau nawa na faɗa maka? Na ce kada kowa ya gani! Na ce ko Fada ne ya tambaya a coci, ka ce ba ka sani ba!"

"Ai ban kai wa baƙo ba. 'Yan gida ne."

"Har da sa min bututun famfo a tsumma! Kamar ɓarawon kaji!"

"Don kada hankalinki ya tashi ne."

"To, ga shi ya kwanta, Baba. Ya kwanta sosai."

Ta tuƙa har suka wuce gidan mai. Sannan ya ce, a hankali, "Na tambaye ki yaushe takardar za ta fito, kika ce sai an yi shekara uku ko huɗu ana dubawa."

"Fitowa ke nan! Shigarwa gobe ne! Da ka jira gobe, ko a dandali ka rataye shi ba ruwan kowa!"

"To, ni ba haka na ji ba." Ya gyara audugar da ke hannunsa. "Ni shekara huɗu na ji. Ki dube ni da kyau, Nives. Abokina Loris yana da abu a kantar nan. Har Gavioli, wanda bai iya ɗaura igiyar takalmi ba, yana da wani maƙali. Ni ban taɓa ɗora ko ƙusa ba. Na ce bari in ga sunan gidanmu a can da idona."

Haushi ya cika ta, tausayi ya zo ya zauna a kan haushin, ta rasa wanda za ta fara da shi. Ta danna wa wani mai keke hon, bawan Allah bai yi mata komai ba.

Suna shiga shagon ta gan shi. Ga shi can tsakiyar kanta, an tsaga shi tsaf, an buɗe shi kamar kankana, zaruruwanta farare sun fito fili da tufkarsu. Har wata 'yar fitila aka saka masa a ƙasa.

Tsofaffin da ke teburin karta suka ajiye karta suka tafa mata. Loris, babban abokin mahaifinta, ya miƙe da ƙyar ya buɗe hannuwa.

"Ga ta nan! 'Yata, kin fitar da mu kunya!"

"Kawu Loris, zauna," ta ce. Ta yi musu bayani a tsaye, yadda lauyan ya yi mata. Tana cikin yi sai wani ɗan fata ya ɗarsu a ranta. Ta ce, "Amma dai ba ku gane yadda aka yi ba, ko? Kun dai ga zare kawai."

Wayyo, da ta sani da ba ta tambaya ba. A kowane gari na duniya, in ka nuna wa tsofaffi 'yan karta tsagaggen mataci, za su ce taliya ce. Amma nan Mirandola ne.

"Haba, 'yata, kada ki raina mu," in ji Loris, har ransa ya ɗan sosu. "Uku-uku ne, murɗa ta hagu, sai ki juya ta dama duk bayan ɗan yatsa biyu don kada su kwanta a jikin juna. Ai ranar da aka kawo shi ba mu yi karta ba. Na zana wa surukina a jikin takardar goge baki."

"Surukinka na masana'anta?"

"Shi fa. Ya ce kanki yana ja."

Ta jawo kujera ta zauna. Sai a lokacin suka fahimci ba yabo ta zo karɓa ba. Suka dubi juna, suka dubi Ermes, wanda ya samu lungu ya lafe.

"To, ai da sauƙi," in ji Loris. "Kin ce in an ɗaure bakin mutum ba komai. Mu nan duk a ɗaure muke. Kawo takarda mu sa hannu, mu ce tun farko Ermes ya rantsar da mu. Ni zan ce ma ido ba ya yi min aiki."

"Ni dama kurma ne," in ji wani daga ƙarshen tebur.

Iole, wadda tun ɗazu take goge kofi ɗaya, ta yi tsaki. "Ku ji tsofaffin banza. Za ku rantse da ƙarya a kan me? Tun bikin Ista abin nan yake nan. Yaran masana'anta da ke shan gahawa da safe, wanne ne bai ɗauke shi hoto ba? Har wani Bajamushe ya hau kujera don ya gani da kyau, ni na riƙe masa kujerar."

Nives ta fita waje ta kira lauyan. Ya saurara har ta gama, ya ja dogon numfashi.

"Matacin kam ya tafi, Injiniya, sai haƙuri. Kuma kada ki kawo min takardar tsofaffin nan, ba zan taɓa ta ba. Amma tsaya. Da me kike tufkar? In akwai na'urar da kika haɗa, kuma ba a gan ta ba, ita ma ƙirƙira ce. Za mu iya kare ta."

Ta ji numfashinta ya dawo. Na'urar tana garejin, a ƙarƙashin bargo, nauyinta ya fi ƙarfin tsoho mai ciwon ƙoda. Ta koma ciki da wayar a kunne.

"Baba, na'urar tufka. Ka ce min ba ka ɗauko ta ba."

"Ina ni ina ɗaukarta?" in ji Ermes, har da ɗan fushinsa.

"Wacce?" in ji Loris. "Wadda kika haɗa da keken ɗinkin marigayiya mahaifiyarki? Kai, wannan ita ce gwaninta! Ai ba ta ɗaukuwa, mu muka je. Ranar da kika tafi Bologna ya kunna mana. Har surukina ya..."

"Na ji," in ji lauyan a cikin wayar. "Sai anjima, Injiniya."

Nives ta ajiye wayar a kan tebur. Ta jawo kujerar nan da Bajamushe ya hau, ta taka. Ba wanda ya hana ta. Mahaifinta ya sunkuyar da kai, yana jiran ta sauke abin ta tafi da shi.

Da ta kai fuskarta kusa sai ta ga ɗan katin da aka jingina a gabansa, irin wanda kowane abu a kantar yake da shi. Rubutun mahaifinta ne, manyan baƙaƙe masu rawa, ya danna alƙalami har ya kusa huda katin: 'Yar Ermes Cavicchioli.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Shekara shida," ta ce. "Ka kashe min takarda, ka kashe min Jamus, sannan ko sunana ba ka iya rubutawa ba?"

"Ai kowa ya san ki," in ji tsohon, muryarsa can ƙasa.

"Inna Iole, ba ni alƙalami."

Iole ta zaro na bayan kunnenta ta miƙa mata. Nives ta rubuta sunanta a saman nasa, ba ta soke nasa ba. Ta mayar da katin, ta ɗan juya matacin don tufkar ta fi fuskantar fitila, ta sauko.

"Tashi mu tafi, Baba. Ba ka ci komai ba tun safe."