Puleng a Shafi na Tara

Ina shekara bakwai na tarar da mahaifiyata tana shafe Puleng da koren fenti. Tana zaune a teburinta na bakin taga a gidanmu na Yeoville, cikin Johannesburg, ta cije leɓe, burushi a hannu. Na san hoton. Ni ce da Puleng, 'yar mai aikinmu Agnes, muna kan lilo ɗaya a bayan gida, ƙafafunmu a sama. Mama ta fara daga ƙafafu, ta hau zuwa riga. Da ta iso fuska sai ta tashi ta wanke hannu, ta daɗe a bakin famfo, sannan ta dawo ta ƙarasa. Aka bar ni ni kaɗai a lilon, kusa da wani cunkushin ganye.

Na tambaye ta ina Puleng ta tafi.

Ta ce, "Ta ɓuya. Je ki canza riga, Rochel, lokacin kunna kyandir ya kusa."

Juma'a ce. Sai da muka zauna cin abincin shigar Asabar, ranar hutunmu ta addini, na fahimci abin da ya faru. Wannan ne littafin yara na farko da Mama ta rubuta ta kuma zana. Mai kamfanin ɗab'i ya yaba shi ƙwarai, amma ya ɗora yatsa a shafi na tara ya ce babu makarantar da za ta karɓi littafin da farar yarinya da baƙa ke wasa tare.

Babana Mendel, mai kantin takalma, ya ce ta yi daidai da ta gyara. "Bluma, ke ce za ki miƙe ƙasar nan da burushi? Mu Yahudawa baƙi ne a nan. Kin san abin da ke samun baƙon da ya ɗaga kai."

Ta sani fiye da kowa. Tana shekara tara aka kawo ta daga Lituwaniya a jirgin ruwa, kuma dangin da suka bari a can, rana ɗaya aka kashe su aka tura su rami guda.

"Na sani," in ji ta. "Shi ya sa abin ya tsaya mini a wuya."

"Shi ya sa za ki haɗiye shi."

Agnes ta shigo da kwanon miya, aka bar maganar.

*

Littafin bai kai ga fitowa ba aka tafi da Puleng ɗin gaske. Doka ta hana 'ya'yan masu aiki zama a unguwar farare, wata maƙwabciya kuma ta kai rahoto. 'Yan sanda suka zo da safe suka ba Agnes kwana uku: ko ta sallami yarinyar, ko su biyun su bar gari. Aka tura ta ƙauye wajen kakarta. Mama ta ƙulla mata tsofaffin kayana da fensiran launi, ba ta fito bakin ƙofa ba. Agnes ta ƙara shekara goma sha ɗaya tana girka mana abinci.

Littafin ya karɓu. Wasu ashirin da biyar suka biyo baya, har aka fassara su a ƙasashen da Mama ba ta taɓa takawa ba. Sai dai ba ta sake zana ɗan Adam ba. Zomaye take zanawa, da kunkuru, da wata jimina mai tabarau da yara suka haukace a kanta. Masu sharhi suka ce ta san zuciyar dabba. Ni kuwa na san dalili: ba wanda zai tambayi launin fatar zomo.

Da mulkin wariyar launin fata ya faɗi, 'yan jarida suka riƙa tambayarta yadda ta rayu a wancan zamani. Kullum amsarta ɗaya, cewa ita mai zanen yara ce, ba ta shiga siyasa. In sun tafi sai ta ƙi cin abinci.

*

Mama na da shekara tamanin da ɗaya, idonta ya fara dushewa, ta ce in nemo mata Puleng. Wata shida na yi ina cigiya. Puleng ta zo wata Lahadi da rana, da furfura a kanta kamar ni, hannayenta sun yi kanta saboda aikin wanki a wani asibiti. Muka rungumi juna kamar waɗanda aka tilasta.

Mama ta zuba shayi da kanta, ta fara bayanin da ta shekara arba'in tana tsarawa: mai ɗab'in, tsoron da suke ciki, shafi na tara. Ta nemi gafara.

Puleng ta yi 'yar dariya. "Wane littafi ke nan, Madam?"

Ba ta taɓa ganinsa ba. A aji uku ta bar makaranta ta shiga karyar masara a gonar wani Bature. Ta ce ita ba ta san wani lilo ba. Abin da take tunawa shi ne motar da ta ɗauke ta, tana leƙe ta taga, mahaifiyarta na tsaye a bakin titi riƙe da hannuna.

 Mama ta laluba ta jawo littafin, ta buɗe shafin farko, ta ce za ta rubuta sadaukarwa ga marigayiya Agnes.

"Ba Agnes ne sunanta ba," in ji Puleng. "Matar da ta fara yi wa aiki ce ta laƙaba mata, wai nata yana da wuyar faɗa."

"To yaya sunanta, 'yata?"

Puleng ta dube ta, ta shanye shayinta, ta ajiye kofin a hankali. Ta ce za ta koma kafin motocin unguwarsu ta Soweto su cika, ta gode da shayi. Na raka ta har titi.

Da na dawo na sami Mama yadda muka bar ta, ta sunkuya a kan farin shafi, alƙalami a tsaye tsakanin yatsunta.