Furfura a Cikin Fim

Mai Hoto na durƙushe gaban kwali yana ɓamɓare fim daga jikin fim, bakinsa bai huta ba.

"Leda! Wa ya ce miki ana sa fim a leda? Takarda tana shanye gumi, leda kuwa dafa shi take yi."

"Baba, rufin nan yoyo yake, kai kuma kana asibiti," in ji autarsa daga bakin ƙofa.

"To, kin tare ruwa, kin tara gumi. Sannu da aiki."

Wata mata na zaune a benci tana jira. Tun safe take nan. Hoton mijinta ɗaya tak take da shi, gara ta cinye shi ta bayan firam. Ɗan da marigayin ya bar mata a ciki ya zama magidanci, kuma tana son jikokinta su san fuskar kakansu. A shagon nan aka ɗauki hoton, shekarar aurensu.

Shekara-shekara dattijon yake jera fim ɗinsa, kowane a ambulan na takarda, can saman kanta inda rana ba ta kaiwa. Haka yake yi tun gwiwa na da ƙarfi. Damina ɗaya da ya kwanta, rabin kwalin ya manne kamar an zuba ƙaro.

Ya riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a hasken taga. Fuskoki da yawa sun narke, sai dai huluna. Bayansa ya ƙage, idonsa na ruwa.

"Malam, a bar shi haka. Na gaji, kai ma ka gaji."

"Zauna, baiwar Allah. Ban ce babu ba."

Rana ta karkata kafin ya tsaya a kan wani.

"Mai tabo a gira?"

Ta miƙe zumbur.

"Ta gefe ake riƙewa. Kada yatsa ya taɓa tsakiya."

Ta ɗaga shi a haske. Tabon na nan, da kunnuwan nan da take yi masa tsiya a kansu. Amma sumar fara fat, gemun ma haka.

"Malam, wannan ai tsoho ne."

"Haka fim yake, baƙi ya koma fari. In an wanke, angonki zai dawo yadda kika san shi. Auta, miƙo ambulan. Na takarda!"

Matar ba ta sauke hannu ba.

"Ɗan dakata da wankin," ta ce a hankali. "Ban taɓa ganin furfurarsa ba."