Ruwan Kanar

A bariki Kyaftin Lauya ake ce mata, a gida kuwa Auta. Kwamandan barikin, wanda kowa ke kira Kanar, mijin yayarta ne, kuma a gidansa ta tashi tun rasuwar mahaifiyarsu. Shi ya sa ta a makaranta, shi ya tsaya mata har ta karanci shari'a. Ranar da ta ce soja za ta shiga, Yaya ta wuni tana kuka, shi ko dariya ya yi, ya ce a ƙyale yarinya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abba take ce masa, kamar yadda 'ya'yansa suke faɗa. Sai sun shiga ofis yake komawa Yallaɓai.

Aikinta shi ne, kafin a taɓa kuɗin gwamnati a barikin, a tambaye ta ko doka ta yarda. Dokar kuwa ba ta da wuyar ganewa. Majalisa ce ke ware wa sojoji kuɗi, kuma kowane kuɗi da abin da aka ware shi dominsa. Na abinci ba ya sayen taya, na taya ba ya gina ɗaki. In shekara ta ƙare ba a kashe ba, ya koma baitulmali. Wanda ya ɗauki na nan ya kai can ba da izinin na sama ba, ya yi laifi, ko da asibiti ya gina.

A shekarar da abin ya faru, rijiyar burtsatse ta unguwar iyalan sojoji ta rufta. Matan ƙananan sojoji suka koma ɗibar ruwa a bayan gari, goyo a baya, jarka a ka. Ta tagar ofishinsa Kanar ke hango su kullum, kuma abin yana cin ransa, wannan kam ba ƙarya. Wata safiya ya aika a kira Lauya. Ta same shi tsaye gaban taswirar da ke bango, shayinsa ya huce a kan tebur.

Ya ce, "Barista, zauna. Kuɗin gini ya ƙare tuntuni. Amma ga na kayan gyaran motoci nan kwance, shekara kuma ta zo ƙarshe. In ba mu taɓa shi ba komawa zai yi. Ina so in haƙa wa matan nan rijiya da shi."

Ta ce, "Yallaɓai, ai ba kwance yake ba. Sajen gareji ya daɗe yana kuka. Motar asibiti ma sai an tura take tashi."

"Saje ai da kuka aka haife shi. Ni doka nake tambayarki."

"Doka ba ta yarda ba. Amma akwai hanya. A nemi izinin sauya kuɗin daga hedikwata, ni zan bi maganar da ƙafata."

"Hedikwata," ya maimaita, yana girgiza kai. "Kafin su amsa ai 'ya'yan matan nan sun yi gemu."

Ta yi dariya, amma ba ta sauya magana ba. Ya daɗe yana kallon waje, sannan ya ce shi ke nan, ya ji, ya haƙura. Da ta miƙe, ta ce za ta rubuta shawararta ta sa a fayil, kamar yadda ƙa'ida ta ce.

Ya ce, "Haba Auta, ni da ke sai da takarda? Kin ce a'a, na ce na ji. In kika rubuta, gobe sai a ce Kanar ya so karya doka, ƙanwar matarsa ce ta taka masa birki. Ga ritaya ta matso. So kike in fita da tabo?"

Ba ta taɓa jin ya yi mata ƙarya ba tun tana yarinya. Ta sara masa ta fita, ba ta rubuta komai ba.

Ba a jima ba ya tura sunanta wani kwas na ƙaro ilimi da ta daɗe tana nema. Ta yi murna ƙwarai, Yaya ma ta taya ta haɗa kaya. Da ta dawo, tun daga ƙofar bariki ta hango sabon tanki a sama, fari fat, ƙarƙashinsa jerin famfuna, mata na ta wanki suna hira, yara na watsa wa juna ruwa. Har suna an raɗa masa: ruwan Kanar.

Ba ta wuce gida ba, gareji ta nufa. Saje na ƙarƙashin motar asibiti, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya fito yana goge hannu da tsumma, ya buɗe mata ɗakin ajiya. Kantocin duk wayam, sai tsofaffin ƙarafan da aka ciro daga matattun motoci.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, da waya da roba nake ɗaure su. An ce min in jira sabon kasafi."

A falo ta tarar da Kanar yana cire takalmi. Ta jira yara suka fita, sannan ta ce, "Abba, da wane kuɗi aka yi tankin nan?"

Bai ɓoye ba, ya ce da kuɗin kayan gyaran motoci ne. Ya ce da ba ta nan abin ya ta'azzara, yara sun fara gudawa, bai iya zuba ido ba. Ta ce dole ta sanar da hedikwata, aikinta ke nan. Ya ce ta ba shi lokaci, sabon kasafi na shigowa zai cika gareji da kaya, sannan shi da kansa ya je ya faɗi abin da ya yi. Ya dafa kanta kamar yadda yake yi tana ƙarama. Ta fita, ba ta kuwa sanar da hedikwata ba.

Sabon kasafi bai riga ya shigo ba aka fita atisaye a daji. Wani Kofur ya faɗo daga kan babbar mota, ƙarfe ya tsaga masa cinya. Aka sa shi a motar asibiti, ta yi rabin hanya ta mutu. Direba ya yi iya yinsa, ta ƙi tashi. Kafin wata motar ta iso, jini ya ƙare a jikin Kofur. Ya bar mata da jariri.

Mutuwar soja ba ta wucewa haka nan. Hedikwata ta turo kwamitin bincike, wani Birgediya mai furfura a kan gaba. Suka duba motar, suka leƙa ɗakin ajiya, suka ɗaga kai suka kalli tanki. Aka zauna a ɗakin taro, kwamiti a dogon tebur, Kanar a gefe guda, Lauya a ɗaya gefen. Tausayinsa take ji. Ta san yau zai faɗi gaskiya, kuma ta ƙudura za ta roƙa masa sassauci, ta shaida cewa ko sisi bai sa a aljihunsa ba.

Birgediya ya tambaye shi wa ya ba shi izini.

Kanar ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ni soja ne, ba lauya ba. Na kira mai ba ni shawara na tambaye ta. Ta ce tunda burtsatse da inji take aiki, inji kuma yana cikin kayan gyara, doka ta ba da dama. A kan maganarta na sa hannu."

Da farko ta ɗauka kunnenta ne. Ta dube shi, ya ƙi ɗago ido daga hularsa da ke kan gwiwa. Muryarsa ba ta ko girgiza ba, alamar ya daɗe da shirya maganar.

Birgediya ya juyo gare ta. "Kyaftin, ina rubutacciyar shawararki?"

Ta ce, "Ban rubuta ba, ranka ya daɗe."

"To gobe za mu ji dalili."

Da la'asar ta je gida. Kanar ba ya nan. Yaya na bayan gida tana kwashe shanya, tana ganinta ta ajiye kwandon.

Lauya ta ce, "Yaya, kin ji abin da Abba ya faɗa a kaina?"

Yaya ta ce, "Zauna, Auta, mu yi magana ta hankali. Ke yarinya ce, ga karatunki a hannu. Ko yau suka sallame ki, gobe kin samu wani aikin. Shi fa? In suka kama shi da laifi, fansho ya tafi, mutunci ya tafi, ga yara a makaranta. Ki ce kuskuren fahimta kika yi. Faɗa za su yi miki kawai."

Lauya ta tsaya tana kallonta. Babu mamaki ko kaɗan a fuskar Yaya.

"Tun yaushe kika sani?"

Yaya ta ɗauki wata riga ta hau ninkewa. "Ya gaya min zai yi rijiyar tun kafin ki tafi kwas."

"Kwas ɗin ma don a kawar da ni ne ke nan."

"Mutumin nan shi ya riƙe ki, Auta. Bai taɓa bambanta ki da nasa ba."

"Ashe kiwata ake yi, Yaya, ban sani ba."

"Kar ki faɗi haka."

"Mutum fa ya mutu."

"Allah ya ji ƙansa. Kwanansa ne ya ƙare. Na raye nake miki magana."

Lauya ta shiga ɗakin da ta girma a ciki, ta kwashi kakinta da 'yan littattafanta, ta koma masaukin hafsoshi.

Washegari ta faɗa wa kwamiti komai daga farko: yadda ta ce a'a, yadda aka hana ta rubutawa ta yarda, yadda ta dawo ta gano ta kuma yi shiru. Birgediya ya saurare ta har ƙarshe. Daga kallon da ya yi mata ta gane ya yarda da ita, amma maganarta ce da ta Kanar, babu na uku.

Hukunci ya fito bayan wani lokaci. Aka yi wa Kanar ritaya da gargaɗi, fanshonsa bai taɓu ba, tunda an ce shawara ya bi. Ita kuma aka same ta da sakaci, aka riƙe mata ƙarin girma, aka tura ta wani ƙaramin sansani mai nisa. Matan bariki suka haɗa wa Kanar walimar bankwana. Labarin da ya zagaya wajen famfo shi ne, yarinyar da ya rena ce ta kai ƙararsa don ya ba talakawa ruwa. In ta wuce, sai hira ta tsaya. Saje kaɗai ya zo ya taya ta ɗaure kaya a mota, ya duba mata mai da birki, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ta kusa shekara a sabon wurin kafin Yaya ta kira ta a waya. Suka gaisa sama-sama, Yaya ta ce an sa ranar auren babbar 'yarta, kuma ba zai yi kyau a ce ƙanwar uwa ba ta zo ba.

"Ki zo gida, Auta. Na yi magana da Abba. Ya ce ya yafe miki."

"Ya yafe min?"

"E, ya ce komai ya wuce, ba ya riƙe da ke."

Yaya ta tambaya ko tana ji.

Ta ce, "Ina ji. Allah ya sanya alheri. Ki gaishe min da yara."

Ta aika wa amarya gudummawa ta hannun direba, amma ita ba ta je ba.