Man Shanu a Hannun Baba

Ni na kayar da Baba a kan babur, a wata kwana a unguwar Sintali. Gwiwar hannunsa na dama ta daki kwalta. Ciwon ya warke, amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka daina motsi. Shi kuwa ɗinkin hula ne sana'arsa. Wata biyu bai riƙe allura ba, bai sake hawa bayana ba, bai kuma ce mini komai ba. Da ma zagina ya yi.

Ranar Laraba wani Dokta Solomon ya zo asibitin garinmu daga Jos da na'urar gwada jijiya. Baba ya tafi a keke napep, na bi shi a babur.

Likitan ya yi bayani a gajarce. Zai sa ɗan lantarki a wuyan hannu, na'ura ta jira amsa a gefen tafi. In buguwa jijiyar ta yi, za ta amsa. In ta tsinke, shiru.

Ya manna ƙananan faifai biyu. Ɗaya ya zame, ya danne shi da yatsa, ya latsa maɓalli.

"Baba, ka ji?" in ji likita.

"Kamar cinnaka ya yi niyya ya fasa."

Layin da ke allon na'urar bai tashi ba. Sau uku. Likita ya ɗauki biro. Mutane sun cika benci a waje.

Ni faifan da ya zame nake kallo. Na san warin nan. Kullum da safe Dada, mahaifiyata, sai ta murza wa hannun man shanu har ya shige, yadda ake yi wa targaɗe a gidansu. Yau ta ninka, wai saboda asibiti.

Na ce, "Likita, mai yana hana faifan aiki?"

"Wane mai?"

"Na shanu."

Ya ɗaga hannun ya shinshina. Ya ajiye biro.

"Baba, suya za a yi da hannun nan?"

"Tambayi uwar wannan. Ni ma ba a shawarce ni ba."

Aka wanke da sabulu da ruwan ɗumi, aka goge tas. Ya sake mannawa, ya latsa.

Ƙaramin yatsan ya zabura. Layin ya tashi ya yi tudu.

"To, wannan kam ya cije ni," in ji Baba.

Likita ya gwada a saman gwiwa. Tudun ya fito ƙarami, a makare. Ya auna tsakanin wuraren biyu da tef irin na tela, ya yi lissafi.

"Saƙo yana wucewa, a gwiwa yake jan ƙafa. Jijiyar ba ta tsinke ba. Da gashin ruwan zafi da motsa hannu, ina sa ran allura za ta dawo." Ya dube ni. "Hancinka ya yi aiki yau."

A bakin ƙofa mai keke ya tsaya. Baba ya ɗaga masa hannu alamar ya wuce. Ya tattare rigarsa, ya hau bayana.

"Suhail, bi ta kasuwa. Zare zan saya."