Bi Mishi Ta Shiga Kisite

Tun Bi Mishi tana yarinya take dafa wa baƙi abinci a garin Shimoni da ke bakin teku, shinkafar kwakwa da ƙaguwa da kifi. Da safe jiragen ruwa su kwashe su zuwa Kisite, wani yanki na teku inda gwamnati ta hana kamun kifi sai kallo. Su dawo jiƙe suna ba ta labarin duwatsun murjani, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa leƙa ƙarƙashin ruwan ba.

Yanzu ciwon suga ya cinye mata idon hagu, likita a Mombasa kuma ya ce na daman ma yana kan hanya.

Ta faɗa wa babban ɗanta Kombo, mai tuƙa jirgin baƙi, cewa tana son ya kai ta. Ya ce iska ta yi yawa, a bari sai baɗi. Ƙarya yake, ta kuma sani. Kunyar abokan aikinsa yake ji, kada a ce uwar Kombo tana facal-facal cikin Turawa.

Ranar Talata ya iso bakin ruwa ya tarar da ita a cikin jirgi, zaune daram kan tukunyar shinkafar baƙinsa.

"Mama, don Allah ki sauka. Mutane na kallo."

"Su kalla, suna da idon. Baɗin da kake faɗa, da idonka zan gani?"

Wani matuƙi ya ɗaga murya yana tambaya ko yau kifaye ne suka yi odar ƙaguwa. Ta ce ya je ya tambayi uwarsa. Kombo ya ga baƙi sun fara shiga, tukunya kuma ba za ta fita ba sai da mai ita. Ya tada inji yana cin magani.

A Kisite ta ɗaure bakin zaninta a tsakanin ƙafafu don kada ruwa ya ɗaga shi. Ta sa gilashin ruwa, ta rungumi tayar roba, ta faɗa. Nan take ta sha gishiri, ta taso tana tari. Kombo ya miƙo hannu ya ce to ai ta gani, ta hau. Ta doke hannun ta sake dulmiya fuska.

Da farko hazo kawai. Sai ga murjani, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai. Sai wani kifi ya zo dab da hancinta yana gurgurar dutse. Ta gane bakinsa: pono ne. Irinsa nawa ta kankare a tire, launi duk ya dushe! Ashe da ransa kore ne shar, da shuɗi, da ratsin ja kamar sabon zanin biki. Babu wanda ya taɓa gaya mata.

Baƙi suka gaji da iyo suka hau jirgi, yunwa ta kama su. Kombo ya leƙo ya ce, Mama, lokacin abinci ya yi.

Ta ɗago kai, ruwa na zuba daga mayafinta.

"Ludayi na cikin kwando. Zuba musu."

Ta mai da fuskarta cikin ruwa. Kombo ya ɗaure igiyar tayarta a wuyan hannunsa, ya buɗe tukunya da ɗayan.