Hannun da Birkinsa Ya Tsinke

Kafin babur ya watsar da shi a kwalta, Rula ake ce masa a shagon askin Kawu, don in ya ja maka layin goshi da reza sai ka rantse aunawa ya yi. Ƙeyarsa ce ta bugi bakin kwata. Ya sha kwanciyar asibiti, ya tashi, ƙashi ko ɗaya bai karye ba. Ƙarfinsa ma yana nan, in ya damƙi hannunka sai ka yi ƙara. Rigimar duk tana hanya ne, kafin nasa hannun ya iso naka.

Likita ta ce ya taɓa ɗan yatsanta, sannan ya taɓa hancinsa. Ya nufi yatsa, ya wuce ya dunguri kafaɗarta. Ya nufi hanci, saura kaɗan ya ƙwaƙule ido. Ta ce akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa a ƙeya, ita ke auna nisa, ita ke taka wa hannu birki, to ita ce ta bugu. Rula ya ce to. Tun da ya farfaɗo komai "to" ne a wurinsa. Bai yi kuka ba, bai yi fushi ba, ji yake kamar labarin wani ake ba shi.

Abin haushin, in hannun yana kan cinya, lafiya lau yake, kamar na mutumin kirki. Sai ya ga kofi ya ce bari in ɗauka, nan ne zai fara rawa, yana matsawa rawar na ƙaruwa, yatsu su buɗe tun ba a iso ba, ko su rufe bayan an wuce.

Kujerarsa ta kusa da ƙofa ta daɗe a rufe da tawul. Wani mai aski daga ƙasan layi yana ta yi wa Kawu sintiri a kanta. Shi kuwa Kawu, yayan mahaifiyarsa, dokarsa ɗaya ce tun da ya buɗe shagon: babu mai taɓa kan kwastoma sai ya fara aske kan mai shago, kai da gemu. Ta nan Rula ya shigo da farko, ta nan kuma zai dawo, in zai dawo.

Da hantsi ya shigo yana tafiya ƙafa a ware. Dogo, mai kujerar tsakiya, ya ɗago.

"A'a, ga mashayin da bai taɓa kurɓa ba! Kawu, ka yi sallama da kunnenka, ni dai ba zan ɗinke ba."

"Rufe mana baki, ɗan banza," in ji Kawu. Ya zauna, ya yafa ƙyalle da kansa. "Ɗan ƙanwata, bismillah. Kar ka ji tausayin kan nan, ya ga abin da ya fi ka."

Rula ya yi yadda masu gashin ƙashi na asibiti suka koya masa. Hannun nan ba ya son tafiya a iska, don haka ba a barinsa a iska. Ya manna cikinsa da bayan kujera, ya kafa gwiwar hannu a kan majingina, Dogo ya danƙa masa kilifa a tafi. Rula ya aza ta a kan Kawu tukuna, sannan ya kunna. Ya riƙa jan ta a hankali ba tare da ya ɗaga ba, kamar mai guga. Gashi ya fara zuba.

"Kai!" in ji Dogo. "Ashe da sauran mutum a ciki. Sai dai kafin ka gama, na gaban ya sake tsirowa."

Rula ya share kan tas. Wuri ɗaya ne bayan kunne ya yi rami.

Saura layi da gemu. Reza tana bisa kantar da ke gaban madubi, inda take zama kullum, nisan da a da ko kallo ba ya yi. Dogo ya yunƙura zai ɗauko ta, Kawu ya ɗaga masa yatsa. Rula ya miƙa hannu. Hannun ya tafi tiryan-tiryan, da ya kusa sai ya fara lilo, ya wuce rezar, ya ture kwalbar sifirit, ya bugi madubi ƙwas. Ya dawo da shi, ya sake. Wannan karon ya sauka kan kantar, ya ja yatsu a kan katako har suka ci karo da ita, ya damƙe kamar za a ƙwace.

Warin sifirit ya cika ko'ina.

Kawu ya kwantar da kai baya, ya miƙe maƙogwaro, ya rufe ido. "Ci gaba."

Rula ya dubi jijiyar da ke harbawa a wuyan Kawu. Ya dubi tazarar da ke tsakaninta da rezar, ɗan taƙi ne, amma duk iska ce, babu inda zai jingina. Ya laluba cikin ransa ko zai ji tsoro, ko baƙin ciki. Bai tarar da komai ba. Lissafi kawai ya gani, kuma lissafin bai fita ba.

"Dogo," ya ce, maganar na fita a jaye, "zo ka karɓa. Riƙe ta ƙasa, kar in ba ka ta baki."

Dogo ya zare ta daga yatsunsa a hankali, wannan karon babu tsiya. Ya ja layin, ya gyara gemun. Kawu ya tashi ya kakkaɓe, ya shafa ramin bayan kunne, ya daɗe yana kallon madubi.

"Kujera taka ce," ya ce. "Kai ka share, shi ya ja layi. Reza kuma ta bar kantarka."

"To," in ji Rula.

Dogo ya ɗauke rezar ya jefa a aljihun tebur nasa. "Yanzu me za mu riƙa ce maka? Magogi?"

Rula ya dafa bango ya isa kujerar kusa da ƙofa, ya nufi tawul ɗin da ke kanta, ya wuce shi, ya dawo, ya kama gefensa ya ja.